Gangar Noma a Bakin Motar Soja

Mahaifina makaɗin noma ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Gaya da Ajingi, ƙasar gero da dawa da gyaɗa, kuma a shekarun da nake magana a kai, duk gayyar da ba a ji gangarsa ba mutane ba sa sa ta cikin gayya. Shi ke riƙe da babbar ganga, ni ina binsa da kazagi, 'yar ƙaramar gangar nan da ake ratayawa a wuya ana yi wa babbar rakiya. Na yi wayo ina kazagi, na yi aure ina kazagi, har gemu ya fara tsiro mini ina kazagi. Duk ranar da na roƙe shi ya bar ni in taɓa babbar a gaban mutane, sai ya ce hannuna ya iya, kunnena ne bai nuna ba tukuna. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Wanda bai tashi a ƙauye ba, sai na yi masa bayanin take. Kowane manomin da ya isa a kira shi manomi yana da nasa. Wani ɗan guntun kiɗa ne da makaɗi ya ƙago masa shi kaɗai, kuma kowa a garin ya san na wane ne. In aka buga taken mutum a bainar jama'a, ba ya zama. Jikinsa zai hau tsuma, ya jira makaɗi ya dire taken, sai ya zabura ya ɗaga garma sama, ya yi kirari, ya nufi inda gangar ta fuskanta. In kuwa ya ji takensa ya yi biris, to kafin damina ta fita 'yan mata sun sa shi a waƙa, surukansa kuma su rasa inda za su sa kansu. Na taɓa ganin mai zazzaɓi ya yaye bargo ya fito saboda take. Shi ya sa Baba ba ya buga wa mutum nasa sai ya dube shi da kyau, ya ga ya karya kumallo, ya ga ƙafarsa lafiya, ya ga aikin da ke gabansa wanda zai iya ne. A lokacin ni gani nake duk wannan tsirfa ce ta tsofaffi.

A cikin samarinmu babu wanda takensa ya kai na aminina daɗi. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki, shi ne abokin ango a bikina, ni ne a nasa. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, uwarsa ba ta da kowa sai shi, ni ma Inna nake ce mata. Baba ya ƙago masa take ne ranar da ya tsere wa manoman Toranke a wata gayyar huɗa, ya kai ƙarshen gona, ya juyo ya tarbe su a tsakiya. Mutum ne mai sanyin hali, ko kaza ba ya son yankawa, sai dai ya miƙa wa maƙwabci wuƙa. Amma da ya ji wannan kiɗa sai ka ce ba shi ba.

Shekarar da aka yi kashe-kashe a birni, wasu daga cikin 'yan cin-raninmu suka dawo da kayan da ba su saya ba. Keken ɗinki, agogon bango, har da gadon ƙarfe. Kowa ya san masu kayan ko dai sun gudu kudu ko suna ƙarƙashin ƙasa, amma kowa ya yi gum. Aka sa gadon nan a ɗakin wata amarya, aka aiko wa Baba goron kiɗan biki. Ya mayar da goron. Ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce na gode. Ba na kiɗa a gidan da ake kwana a gadon wanda aka kora da adda." Tun daga ranar aka fara yi masa kallon mai iyayi. Ni kaina haushinsa na ji, don bikin babba ne, na kuma ci burinsa.

Da damina ta faɗi a shekarar da ta biyo, yaƙin basasa ya ɓarke. Dagacinmu ya sa aka fito da rediyonsa ƙofar gida aka ɗora a kan turmi, daga safe har yamma waƙoƙin zuga ne. Tsofaffin da ko jakinsu ba sa iya hawa sai an tallafe su, su ne suka fi kowa iya yaƙi a gindin rediyon nan. Kullum sai sun ci gari biyu kafin azahar. Ba a jima ba motar ɗaukar soja ta fara zuwa kasuwar Ajingi. A auna tsawonka da sanda, a zagaya ƙirjinka da igiya, a duba haƙoranka, ka hau. Zuwan farko ba ta samu mutane sosai ba, don lokacin aiki ne, hankalin kowa na gona. Sai saƙo ya zo daga sama cewa kowane dagaci ya taimaka.

Dagaci ya aika a kira Baba, ni na raka shi. Muka tuɓe takalma, muka faɗi muka yi gaisuwa.

"Sarkin kiɗa," in ji dagaci, "ran kasuwa mai zuwa za ka tsaya a gefen motar nan da gangarka. Ka san taken kowane yaro a ƙasar nan. Ka tayar mana da su."

Baba ya sunkuyar da kai yadda talaka ke yi, ya ce, "Ranka ya daɗe, gangata ta noma ce. Duk wanda na kira da ita, da yamma yana gidansa yana cin tuwo. Wannan kiran da kake so in yi, wa zai ba ni tabbacin yammarsa?"

"Ƙasa ake so a raba, kai kana maganar tuwo?"

"Ranka ya daɗe, ni ban san inda ƙasa ta fara ba, ban san inda ta ƙare ba. Na dai san waɗanda za a je a harba su ma uwa ce ta haife su, kuma an ce mini doya suke nomawa. In da garma za a je a taya su aiki, ni ne a gaba. Amma ba zan kira ɗan wani ya je ya kashe ɗan wani ba. A yi mini aikin gafara."

 Can sai wani bafade mai jan ido, wanda ko fartanya ban taɓa ganinsa da ita ba, ya ce, "Ashe makaɗin maza mace ne." Aka yi dariya. Baba bai ko waiwaye shi ba, ya sake faɗuwa ya yi sallama, muka fito. A hanya kunya nake ji, kuma ba kunyar bafaden nake ji ba, ta ubana nake ji.

Da a nan ya tsaya, da ƙila an ƙyale shi an ce tsufa ne. Amma Baba bai iya ƙin abu a zaune ba. Ya san al'adarmu: wanda aka kai wa goron gayya ya karɓa, ba shi da wani uzuri sai ciwo ko rasuwa. Sai ya bi gidajen tsofaffin matan da mazajensu suka mutu, da gajiyayyun da gonakinsu ke can wajen fadama, nesa da hanya. Ya ce musu su kira gayya ran kasuwa, kiɗa kyauta ne, geron fura ma a zo rumbunsa a ɗiba. Wa zai ƙi? Ranar da mota ta zo, samarin ƙauye uku suna can suna huɗa, Baba na tsakiyarsu yana bin kowa da takensa, ni ina baya da kazagi, ba mu tashi ba sai da la'asar ta yi sanyi. Motar ta wuni a kasuwa ta koma kusan wayam. Mako na gaba ma haka. Gonakin da suka shekara ba su ga garmar kirki ba, a daminar nan sun sha gyara.

A karo na uku dagaci ya gane. Bai sake neman Baba ba, ni ya aiko wa. Bafaden nan mai jan ido ne ya same ni a gonata, ya tsuguna a inuwa yana ɓare goro.

"Kai kuwa har yaushe za ka zauna a kazagi?" in ji shi. "Tsohonka ya tsufa, ya kuma ɓata da manya. Rawanin sarkin kiɗa ba ya zama a kan wanda ya yi wa mai gari tsaurin ido. An sayo sabuwar ganga daga Gaya, tana zaure tana jiran hannu. Ni na ce musu akwai yaro a gidan nan da ya fi uban."

Da na so in rubuta cewa tsoro ne ya sa na amsa, ko kishin ƙasa. Babu ko ɗaya. So nake a gan ni da babbar ganga a tsakiyar kasuwa, shi ke nan. Na kuma yi wa kaina dabara irin ta marasa gaskiya. Na ce ba zan buga taken kowa ba, kiɗan tara jama'a kawai zan yi, wanda ya hau mota kuma ra'ayinsa ne.

Ran kasuwa da sassafe Baba ya rataya ganga ya yi sallama a sashena. Na sa matata ta ce masa cikina ke ciwo. Ba ta so ba, ta dube ni sheƙeƙe, amma ta faɗa. Ya yi mini sannu ta bayan zana, ya ce a jiƙa mini kanwa, ya tafi gayyarsa ba kazagi. Yana ɓacewa na zame na ɗauki gangar a zauren dagaci, na kama hanyar Ajingi.

Motar tana tsaye a gefen 'yan hatsi, da wani saje mai sanda a hammata, da 'yan doka biyu. Gangar kuwa ba laifi, fatarta sabuwa, in ka taɓa ta har a ƙirjinka kake ji. Na fara kiɗa, mutane suka taru, masu fura suka ajiye ƙwarya suka zo kallo. Amma samari kaɗan ne, yawancinsu suna wajen Baba. Rana ta ɗaga, saje ya fara tsaki, bafaden na ta hararata.

Sai na hango aminina. Garmarsa ce ta tsage, ya kawo wa maƙera su gyara, da niyyar in an gama ya bi sauran zuwa gayya. Yana riƙe da garmar a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma da wata 'yar hular saƙa da ya saya wa jaririyarsa. Ya ji kiɗa ya matso, da ya ga ni ne sai ya fashe da dariya, ya jinjina mini hannu. Murna yake taya ni, don ya fi kowa sanin yadda na ƙagu in riƙe babbar ganga. Takensa shi ne mafi wuya a duk abin da Baba ya ƙaga, yana da wani juyi a tsakiya da na daɗe ina koyo a ɓoye. So nake ya ji na iya. Hannuna ya tafi, ban ko duba inda gangar ta fuskanta ba.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Kasuwa ta juyo gaba ɗaya, don kowa ya san taken. Surukinsa na cikin 'yan hatsi, ya miƙe tsaye yana kallo. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ga tsuma ta kama shi tun daga gwiwa, ya dube ni sau ɗaya, ni kuwa na ci gaba har na dire. Ya ɗaga garma ya yi kirari da wata murya da ban san shi da ita ba, ya nufi inda gangar ta nuna masa. Babu gona a wurin, mota ce. Saje bai ma auna shi ba, ya karɓi garmar ya wurgar gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya hau. Samari biyar suka bi bayansa, don ba a barin gwani irinsa ya tafi shi kaɗai. Jama'a na ihu, ana cusa mini goro a aljihu, ana cewa ɗa ya gaji uba har ya wuce. Abin da na shekara ina mafarki ke nan, sai na sake ɗauko taken daga farko.

Ina cikin haka na ji wata ganga daga bakin kasuwa. Ashe tun da hantsi wata mai kai fura gona ta gaya wa Baba an gan ni a hanyar Ajingi da gangar dagaci. Ya baro gayyar ya taho, rabi gudu rabi tafiya, tsoho da ƙatuwar ganga, ƙafafunsa duk taɓo. Ya tsaya, ya juya wa motar baya, ya fuskantar da gangarsa hanyar ƙauyenmu, ya ɗauko taken aminina. Duk wanda ya san kiɗa ya gane abin da yake yi. Hanya yake buɗe masa ta sauka ba tare da abin kunya ba, don wanda ya bi takensa ba a cewa ya gudu.

Na ji ta tun bugun farko. Ko cikin ganga ɗari zan gane hannun Baba. Abin da ya rage mini bai fi in ɗaga hannuna in yi shiru ba. Amma kasuwa duka ta zuba mana ido, ɗa da uba, sai na ji abin ya zama gasa. Bafaden ya matso ya raɗa mini, "Kar ka bari tsoho ya kunyata ka." Gangata sabuwa ce, tasa ta sha raɓa, shi kuma numfashinsa ya ƙare a hanya. Na ƙara ƙarfi, na ƙara, har na danne shi. Ban ɗaga kai na dubi motar ba.

'Yan doka suka yi kansa. Ɗaya ya fizge gangar ya sa takalmi ya fasa fatar, ɗaya ya sauke masa kulki a hannu. Baba bai rama ba, bai kare kansa ba, bai kuma yi shiru ba. Yana ƙasa yana kiran yaran da ke cikin motar ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Sauko, ɗana! Wa zai nome gonar uwarka?" Direba ya tayar da mota. Sai da ƙararta ta ɓace na lura har lokacin kiɗa nake yi.

An tafi da Baba Gaya, ya yi kwanaki a tsare. Da ya dawo, yatsunsa biyu na dama sun karkace, ba su ƙara miƙewa ba. Na je na tsuguna a ƙofar ɗakinsa ina jiran zagi ko tsinuwa, kuma da ya yi, da na samu sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Cikin ya lafa?"  Sai ya ce, "Gonar Innar amininka ta isa maimai. Tashi ka je." Iyakar abin da ya taɓa ce mini ke nan a kan wannan magana.

Garin kuwa bai raga masa ba. Aka ce ɗan tawaye ne, aka ce saye shi aka yi, aka ce taɓin hankali ne. A masallaci in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Har waɗanda ya jawo wa gayya kyauta, waɗanda suka cika rumbu albarkacinsa, suka koma amsa gaisuwarsa ciki-ciki, wai kar a gan su da shi. Waɗannan ne har yau in na tuna su raina ke ɓaci, ko da yake ni ne na ƙarshen wanda ya isa ya yi musu gori. Shi kuwa ko a jikinsa. Ba ganga, ba hannu, amma duk ranar da mota ta zo sai ya dogara sandarsa ya tafi kasuwa, ya zauna ɗan nesa da ita. Duk saurayin da ya nufi wurin sai ya kira shi, ya tambaye shi lafiyar uwarsa, ya tambaye shi ko gyaɗarsa ta zuba 'ya'ya, ko matarsa ta sauka. Wasu su tsaya suna sosa ƙeya har su juya, wasu su tofar da yawu su wuce. A kore shi yau, mako na gaba ya dawo. Akwai dattawa a Balan da Toranke masu jikoki rututu, waɗanda ba su san albarkacin wa suke ci ba.

Rawanin da aka yi mini alkawari ban ƙara jin labarinsa ba, ban kuma nema ba. Gangar na mayar da ita zauren dagaci tun ranar da yamma. Damina uku ina nome gonar Inna. Ta bar ni in yi aikin, amma ba ta taɓa amsa gaisuwata ba. In na kawo hatsi sai ta ce wa surukarta, ina tsaye, "Ki ce wa mutumin nan ya ajiye a bakin rumbu." Wasiƙa ɗaya ta zo daga aminina a shekarar farko, malamin makaranta ya karanta musu, daga nan shiru. Abu ɗaya na riƙe don in iya haɗiye tuwo. Na ce wa kaina ko da na yi shiru ranar ba zai sauko ba, wanda ya riga ya hau motar soja ba ya sauka, saje ma ba zai bari ba. Na yi ta maimaitawa har na yarda.

Baba ya rasu da kaka, 'yan watanni kafin a daina yaƙi. Da aka ce an daina, sai ga abin mamaki: ashe duk garinmu babu wanda ya taɓa son yaƙi. Mayaƙan gindin rediyo suka ce su dama sun faɗa. Bafaden nan da ya kira ubana mace, da kunnena na ji shi yana wa'azi cewa zubar da jini ba abin alheri ba ne. Babu wanda ya ambaci Baba, ko da kuskure. Dagaci ya aiko in zo in yi kiɗan murna. Ban je ba, amma kar a ɗauka jarumta ce, cewa na yi ba ni da lafiya. Ko a nan ban iya buɗe baki na ce na ƙi ba.

Cikin mutum shidan da suka hau mota ranar, biyu sun dawo da wuri, biyu an aiko da labarin mutuwarsu, ɗaya har yau ba a san inda yake ba. Aminina sai bayan fiye da shekara da gama yaƙi ya dawo, ashe yana kwance a asibitin soja. Mota ta sauke shi a Gaya, ya ƙaraso da ƙafa cikin zafin bazara. Hannunsa na dama babu daga gwiwa, an naɗe hannun rigar an soke da fil. 'Yarsa ta gan shi ta ruga bayan uwarta. Gari ya taru ana barka, matan da suka yi masa guɗa ranar tafiya su ne suka sake yi masa, ni kuwa na tsaya daga baya na sulale.

Kwana uku ina ɓoye masa. A na huɗu shi ya same ni a gonar uwarsa ina shara. Ya yi sallama ya miƙo mini hannun hagu, muka zauna a gindin ɗorawa. Ya yi mini godiyar gona, ya yi mini ta'aziyyar Baba. Babu fushi ko kaɗan a muryarsa, kuma wannan ya fi komai ƙona ni.

Ban tambaye shi labarin yaƙi ba, shi ya ɗan taɓa.

"Mutumina," in ji shi, "ka san abin da ya fi damuna? Ba hannun nan ba ne. Mun shiga wani ƙauye, an yi huɗar doya mai kyau, an kafa sanduna a jere, mai gonar yana kwance a tsakiya da fartanyarsa. Na tsaya ina kallon aikin, na ce wannan manomi ne na gaske. Har yau ban san ko harsashina ne ba."

 Ya tsinki busasshiyar ciyawa yana murzawa a cinyarsa.

"Da Baba na so in yi magana," ya ce. "Tun ina asibiti nake tanadin abin da zan gaya masa. An ce mini ya mutu ana cewa wahalar banza ya yi. Wallahi ba banza ba ce. Na ji gangarsa ranar. Ina jin ta tsumar ta sake ni, na tuna Inna, na tuna yarinyar nan. Na matsa bayan mota, na zuro ƙafa ɗaya waje. Sajen yana can gaba wajen direba, ba mai riƙe ni. Jira kawai nake ya dire taken in duro, ka san ba a amsawa a tsakiya. Sai na daina jin ta, taka kaɗai nake ji. Na ce to, ƙila ya fasa ne. Na mayar da ƙafar."

 Duk abin da na shekara huɗu ina jingine da shi, ya zare shi da magana ɗaya, kuma bai ma san ya yi ba.

"Na yi ta tunaninka a can," ya ce. "Na ce a raina, ba ka ji tasa ba ne. Kasuwa ta cika da ihu, ga ganga a kunnenka. Da ka ji ai da ka tsaya." Ya juyo ya dube ni. "Ko ba haka ba?"

Na dubi hannun rigar nan da aka soke da fil. Na ce, "Haka ne. Ban ji ba."

Ya sauke numfashi ya ce, "Na sani. Haka na gaya wa Inna." Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya ce in biyo gida da yamma, ta ce a zuba tuwo da ni. Na je, ta amsa gaisuwata, na kuma ci tuwon har na suɗe hannu. Mun yi shekaru bayan nan muna zama inuwa ɗaya, ni nake ɗaure masa dami, ni na raɗa wa ɗansa suna. Ya rasu yana yi mini kallon mutumin da bai ji ba.